Hatimin 'Yan Tsakiya

Kwanakin baya na leƙa tsohuwar makarantarmu ta nan ƙasar Gwaram, na tarar da ku, sababbin malamai, kuna haɗa sakamakon ƙarshen zango. Ɗaya daga cikinku ya juyo mini da fuskar kwamfuta yana murmushi, ya ce, "Baba, aikin da kuka shekara talatin kuna fama da shi, ga shi na gama kafin shayina ya huce." Na yi dariya tare da ku don kada a ce tsoho ya cika ƙorafi. Amma na koma gida raina a ɓace, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Ni ne malamin jarrabawa na makarantar nan har na yi ritaya, kuma abin da kuka gama kafin shayi ya huce tara maki ne kawai. Aikin kansa ko taɓa shi ba ku yi ba.

A Birnin Kudu na koyi sana'ar, a hannun wani dattijo, Malam Haladu, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinmu ba su da yawa: rula ta katako, biro ja da shuɗi, reza ta kankare kuskure, sai babbar takardar nan da ake jera sunayen 'yan aji daga sama zuwa ƙasa, darussa kuma daga hagu zuwa dama. Mu tabarma muke ce mata, don sai an haɗa tebur biyu kafin ta shimfiɗu. A can bakinta na dama akwai layin jimla, sai layin matsayi, inda ake rubuta wane ne na ɗaya, wane ne na arba'in.

Zangona na farko ya ba ni tabarmar aji biyu da katunan sakamako hamsin da 'yan kai, ya ce in rubuta wa kowane yaro bayanin malami a ƙasan katinsa. Kafin La'asar na gama na kai masa, ina ji da kaina. Ya duba na 'yan sama ya ajiye, ya duba na 'yan ƙasa ya ajiye. Sai ya ɗebo na tsakiya ya shiga karantawa da ƙarfi a gaban malamai: ya ƙara ƙoƙari, ya ƙara ƙoƙari, ya ƙara ƙoƙari. Da ya kai na goma ya cire tabarau ya dube ni.

"Isyaku, wannan yaron a me zai ƙara ƙoƙarin?"

Na ce, "A komai, Malam."

"To kai ma ka ƙara ƙoƙari a komai," in ji shi. Ya yayyaga katunan ya zuba mini a tebur.

Washegari ya zaunar da ni kusa da shi. Ya kama bakin tabarmar na dama ya naɗe shi baya, layin jimla da na matsayi suka ɓuya. Ya ɗora rula a ƙarƙashin sunan yaro guda, ya sa yatsa ya bi layin daga hagu zuwa dama a hankali. Ya ce kowa ya iya karanta takardar nan daga sama zuwa ƙasa, har mai gadi; malamin jarrabawa shi ne wanda yake karanta ta a kwance. In ka bi layin yaro za ka ga inda ya ɗaga da inda ya durƙusa. Sai ka ɗauko tabarmar bara ka gwada, ka ga hawa yake ko gangara. Abin da ka gani shi za ka rubuta wa ubansa. Kwana uku na yi a kan wannan ajin kaɗai, wuyana ya ƙage, amma na fito na san yara hamsin da sunansu.

Bayan wasu shekaru aka dawo da ni nan. Bari in gaya muku yadda ake tafiyar da makaranta, tunda yanzu kuna zama a taron malamai kuna gyangyaɗi kamar yadda muka yi. Yara iri biyu ne kawai sunansu yake shiga taro. Akwai goman farko, waɗanda ake ware wa darasin yamma, a ba su sabon littafi in ya zo, don su ne za su ciyo wa makaranta suna ranar da masu duba makarantu suka zo. Akwai kuma 'yan tsallake katanga da masu dukan monita, su kuma an kafa musu kwamiti guda, da shugaba da sakatare. Na taɓa zama a taron da aka kwashe awa biyu a kan yaro ɗaya da ya fasa tagar ɗakin gwaji, aka ƙara rabin awa a kan awakin makwabta da suke cinye shukar gaban ofis. Yara arba'in na tsakiyar kowane aji, masu zuwa a kan lokaci su zauna su kwafi abin da aka rubuta a allo su tafi gida, ban taɓa jin an ba su ko minti biyar ba. Awakin sun fi su samun shiga.

Iyaye ma haka. Uban na ɗaya ana aika masa katin gayyata, a ba shi kujera a rumfa. Uban fitinanne ana aika masa takardar kira, ya zo ya sha faɗa ya ba da haƙuri, amma ko ba komai ya ga fuskar shugaban makaranta. Uban na tsakiya sai ɗansa ya shiga ya fita ba a taɓa neman sa ba, sai dai in za a yi gayyar gyaran katanga.

Yanzu ga inda nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Yara suka yi yawa, aji ya haura sittin. Malamai ba sa kawo maki sai ana jibi hutu, wani ma a bayan takardar tambayoyi zai rubuto maka. Na gaji. A wani taro na miƙe na kawo shawara: tunda abu ɗaya malaman aji suke rubuta wa 'yan tsakiya, me zai hana a sassaƙo hatimi? Shugaban makarantar lokacin ya ce wannan shi ne tunani, har aka tafa mini. Aka ba wani direba saƙo ya sassaƙo shi a Kano. Da Turanci aka yi shi, ma'anarsa ita ce: matsakaici ne, ya ƙara ƙoƙari. Aka kafa doka, daga na goma sha ɗaya zuwa goman ƙarshe duk hatimi. Aikin kwana uku ya koma na rabin awa. Daga baya ma masinja muke miƙa wa katunan, ya zauna a baranda yana bugawa yana sauraren rediyo. Ni da Malam Haladu ya koya wa naɗe bakin tabarma, ni na kawo wannan.

Shekara uku muna haka. Ranar raba kyaututtuka ta shekara ta uku, da damina, an kafa rumfa, ina zaune a ofis ina rubuta sunaye a bangon littattafan da za a raba, sai masinja ya ce shugaba yana kira na. Na tarar da wani mutum tsaye a bakin ƙofa, dogo, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda taɓo, da leda baƙa a hannunsa. Ya ce sunansa Malam Ya'u, manomi ne daga Zandam, ɗansa Sadisu ne ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Ya buɗe ledar ya fito da katuna tara, ya jera su a teburin shugaba ɗaya bayan ɗaya, ko lanƙwasa babu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Shawara na zo nema. Ƙanena direba ne a Kano, ya ce in ba shi yaron nan ya koya masa mota. Uwarsa kuma ta ce a bar shi ya ci gaba. Na ce ba zan yanke ba sai na ji daga bakin waɗanda suka shekara uku da shi. Ku gaya mini tsakani da Allah, akwai abin da yake iyawa?"

Shugaba ya duba agogo, don baƙi sun fara zama. Ya ɗaga kati ɗaya ya ce, "Na ashirin da bakwai. Matsakaici ne, Malam."

"To wannan fa?"

"Shi ma haka."

Malam Ya'u ya sa yatsa a kan tawadar hatimin, ya bi katunan tara da ita. Ya ce, "Na lura zanen iri ɗaya ne. Na zaci ko alamar makaranta ce."

Aka kira malamin ajinsu. Ya shigo da babbar rigarsa ta biki ya ce, "Sadisu? Ɗan gajeren nan mai yawan dariya?" Uban ya ce a'a, Sadisu ya kusa kamo shi a tsawo, kuma ba mai magana ba ne. Malamin ya ce to, to, ya gane shi, yaron kirki ne, ba ya ba kowa matsala. Ƙarya yake, bai gane shi ba. Sai shugaba ya juyo gare ni ya ce, "Malam Isyaku, kai ne mai takardu." Tabarmin yaron nan guda tara suna cikin sito, taku ashirin daga inda nake tsaye. Amma littattafan kyauta suna jira na, an kuma fara gwada lasifika. Na ce, "Abin da ke katin shi ne, Malam Ya'u. Matsakaici ne."

Ya tattara katunansa ya mayar cikin leda. Ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ya bi ta bayan rumfa ya fita a daidai lokacin da ake kiran na ɗaya ana tafi.

Sati uku bayan haka, cikin hutu, aka yi ruwa mai ƙarfi, kwanon sito ya yi yoyo. Mai gadi ya aiko mini, na zo na kwashe tabarmi na baza su a baranda, na danne kusurwoyi da duwatsu. Ruwan ta gefen dama ya shige su, tawadar layin jimla da na matsayi ta narke ta zama shuɗin ruwa. Dole in sake tarawa. Na ɗauko tsohuwar rulata na ɗora a ƙarƙashin suna na farko, na fara bin layi a kwance, abin da na shekara uku ban yi ba.

Da na iso kan Sadisu Ya'u yatsana ya tsaya. Turanci talatin da takwas. Darussan da ake dogon rubutu da Turanci duk arba'in da wani abu. Lissafi tamanin da takwas. Na ce ko kuskure ne, na jawo ta zangon baya, tamanin da biyar. Na bi duka tara a durƙushe. Tun daga aji ɗaya yaron nan yake hawa a lissafi, kuma a zango biyar na ƙarshe babu wanda ya kamo shi, har wanda muka ba kyautar na ɗaya. Turanci ne yake jawo jimlarsa ƙasa ya ajiye shi a tsakiya. Malaman lissafinmu kuwa 'yan bautar ƙasa ne, kowace shekara sabo, wanda ya lura da shi ya tafi da abin da ya sani. Mutum ɗaya ne a makarantar nan da ganin wannan aikinsa ne, ni ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na naɗe tabarmin na nufi gidan shugaba. Na shimfiɗa masa a tsakar ɗaki na nuna masa layin. Ya duba ya ce, "Ikon Allah. To na nawa ya zo?" Na ce ranka ya daɗe, maganar da nake yi ke nan, matsayin ne ya rufe mana ido. Ya ce ai makaranta da tsari take tafiya, ba za a bi yara ɗari shida ɗaya-ɗaya ba, in uban ya dawo da shi ƙofa a buɗe take. Wato shi uban da muka sallama da kalma ɗaya, shi ne zai dawo ya roƙe mu. Na fita ban yi masa sallama ba, kuma har ya bar makarantar bai manta mini wannan ba.

Washegari na hau babur zuwa Zandam. Hanya ta jiƙe, sau biyu ina sauka ina turawa. Aka nuna mini gonar Malam Ya'u, na same shi yana maimai a cikin gero. Ya ajiye fartanya muka gaisa, muka koma gindin wata bishiya. Na buɗe takardar na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce ɗanka a lissafi babu kamarsa a ajinsu, Turancin kuma abu ne da ake gyarawa, ni da kaina zan zauna da shi. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

Sannan ya ce, "Malam, wannan takardar yaushe aka rubuta ta?"

Na ce tun shekara uku ake rubutawa.

"Ranar da na zo tana ina?"

"Tana sito."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Yau kwanansa goma sha biyu a Kano. Na damƙa shi a hannun ƙanena a gaban 'yan'uwa, na ce ya zama nasa. Uwarsa ta yi kuka, na ce mata malamai sun ce babu wani abu. Yanzu in je in ce masa me? In ce malamai sun sake dubawa?" Na ce ko ni in je Kanon in yi magana da ƙanen. Ya ce in bari, ba a yi wa ɗan'uwa haka. Ya sa aka kawo mini fura daga gida, ya raka ni har bakin hanya. Da zan tayar da babur ya ce, "Don Allah kada ka bari uwarsa ta ji."

Da aka dawo hutu na ɗauke hatimin daga teburin masinja na jefa shi a masai. A taron farko na nemi abu ɗaya: kowane zama a ware minti goma, a ɗauko sunaye biyar daga tsakiyar aji, kowane malami ya faɗi abin da ya sani game da su. Aka ce shawara ce mai kyau, sakatare ya rubuta ta a ƙarƙashin sauran batutuwa. Ku da kuke zama a taron kun san lokacin da ake isowa sauran batutuwa: an kira Azahar, kowa ya ɗauki hularsa. Shugabanni huɗu na yi aiki da su bayan wannan, kowanne ya yaba shawarar, babu wanda ya matso da ita sama. Wani malami ma ya ce mini, "Malam Isyaku, yaran nan fa ba su da matsala." Na ce ai shi ya sa ba mu san su ba.

Sai na koma yi ni kaɗai. Kowane ƙarshen zango in naɗe bakin tabarma in bi layi, in rubuta wa kowane uba abu ɗaya takamaimai da hannuna, da Hausa in na san ba mai karanta masa Turanci. Malaman aji suka ji haushina don ina riƙe katuna har ranar hutu. Suka sa mini suna Malam Rula. A haka na tsinci yarinyar da makinta ya faɗi a darussan safe kaɗai, ashe ita take kai ƙannenta firamare kafin ta taho. Na tsinci yaron da yake cin duk abin da aka faɗa da baki, ya faɗi duk abin da aka rubuta a allo, ashe idonsa ne. Ba wani abin a-zo-a-gani na yi musu ba, magana da uba ce da sauya wurin zama. Amma sai an duba ake gani, kuma dubawar ba ta ƙarewa kafin shayi ya huce.

Watanni kaɗan da suka wuce na je ta'aziyya Basirka. Da zan dawo na shiga wata bas, aka ba ni gaba saboda tsufa. Direban dogo ne, da 'yar furfura a gemu, ba mai surutu ba. Mun yi nisa sai ya ce, "Malam Isyaku ne ko?" Na ce ni ne, wa nake magana da shi? Ya ce, "Ba za ka gane ni ba, Malam. Sadisu Ya'u, Zandam." Gaskiyarsa, ban gane shi ba. Layinsa na haddace har yau, fuskarsa kuwa ban taɓa sanin ta ba.

Ya ce babansa ya rasu, amma kafin ya rasu ya ba shi labarin zuwana gona. Bai faɗa da ɗaci ba. Ya ce mota ta rufa masa asiri, ya gode wa Allah. Na ce Allah ya jiƙan Malam Ya'u. Da muka wuce wani ƙauye sai ya ce 'yarsa ta fari ta shiga makarantarmu bana.

"Ba ta zuwa ta ɗaya, ba ta zuwa ta ƙarshe. Irina ce, ba ta da magana." Ya rage gudu saboda rami, sannan ya ce, "Malam, har yanzu kuna da hatimin nan?"

Na ce masa na jefar da shi da hannuna tun shekarar. Ya ce alhamdu lillahi.

Abin da ya kai ni wurinku ranar nan ke nan. Da abokinku ya juyo mini da kwamfutar, na sa tabarau na duba layin bayanin malami. Na tambaye shi wa ya rubuta, ya ce ita take cikewa da kanta, an saita ta: daga maki kaza zuwa kaza ga abin da za ta sa. Na bi tsakiyar ajin da ido daga sama zuwa ƙasa. Kalmomin hatimina ne, ko harafi ba a sauya ba, kuma yanzu ko masinja ba a buƙata.

Na gaya wa Sadisu an jefar da shi, kuma ba na son in zama na yi wa gidan nan ƙarya sau biyu. Yarinyar tana cikin ajin ɗaya daga cikinku. Ya gaya mini sunanta, amma ba zan faɗa muku ba, don na san ku: za ku kira ta ofis ku yi mata kirki, ku bar sauran talatin da tara inda suke. Ku rufe layin matsayi, ku bi su a kwance ɗaya bayan ɗaya har ku iso kanta. Ubanta yana bin hanyar nan kullum da motarsa, kuma wata rana zai tsaya a bakin ƙofar makaranta ya shigo da katuna a leda.